Yadda Ake Sake Haɗa Injin Akori-Kura Bayan Metal Ya Cinye

Darasinmu na yau ya fita daga kan waya da manhaja, ya shiga gareji, amma wayarka na da aiki a ciki. A Bacirawa da ƙauyukan da ke arewacin Kano, akori-kura ce ke kwasar dawa da gero da wake zuwa kasuwar Dawanau idan kaka ta yi. Gida da yawa a kan mota ɗaya suke cin abinci. Ranar da aka ce injinta ya buga, an shiga asara biyu: ga kuɗin gyara, ga lodi ya tsaya. Mafi ciwo kuma shi ne a gyara, bayan 'yan makonni ya sake bugawa. Yadda za a kauce wa hakan shi za mu duba.

Mene ne metal?

A ƙasan inji akwai ƙaton ƙarfe mai juyawa, wato karanshaf. Fistin na tura shi ta hanyar sandar da ake kira konrod. A duk inda karanshaf ya zauna, da duk inda konrod ya kama shi, akwai wasu siraran ƙarafa guda biyu masu siffar rabin zobe. Su kanikawa ke kira metal. Injin Toyota Hilux mai silinda 4, irin su 2TR mai shan fetur ko 2KD mai shan dizal, yana da mazaunin karanshaf 5 da na konrod 4.

Idan inji na aiki lafiya, karanshaf ba ya taɓa metal. Baƙin mai ne ke shiga tsakaninsu ya raba su. Tazarar da man ke cikewa yawanci tana tsakanin milimita 0.02 zuwa 0.06, ba ta ma kai kaurin gashin kai ba a mafi yawan lokuta. Idan inji na juyi 3,000 a minti ɗaya, karanshaf na zagayawa sau 50 ke nan a kowane daƙiƙa. Da zarar mai ya yanke, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, metal zai yi zafi ya cinye, sai ka fara jin ƙwanƙwasa daga ƙasan inji. Idan ka ji wannan ƙara, ko fitilar mai ta kama ja, kashe motar nan take. Ƙoƙarin a lallaɓa a isa gida shi ke sa konrod ya ɓalle ya fasa bulok.

Fara da neman dalili

Mu masu rubuta manhaja mun san cewa idan manhaja ta nuna saƙon matsala, goge saƙon ba ya gyara komai, sai an gano layin da ya jawo shi. Haka metal yake. Cinyewarsa alama ce ta wata cuta a wani wuri. Dalilan da aka fi samu su ne: mai ya ragu ba a duba ba, famfon mai ya gaji, ragar da ke zuƙo mai daga ƙasan inji ta toshe, an daɗe ba a yi juye ba ko an zuba jabun mai, ruwa ko fetur ya gauraya da man, ko kuma ƙurar hunturu ta shige ta yagaggiyar filtar iska. Duk wanda ya sa sabon metal bai gano dalili ba, ya zuba ruwa a kwando.

Matakan aikin

1. Ɗauki hoto. Kafin a cire kowace waya ko tiyo, ɗauke ta da wayarka. Murafen konrod da na karanshaf kowanne da gurbinsa da fuskarsa, a sa musu lamba, kada a musanya.

2. Karanta tsohon metal. Zane-zane a jikinsa na nuna datti ne ya shiga. Baƙi ko shuɗi na nuna rashin mai da zafi. Idan gefe ɗaya kawai ya cinye, a duba konrod, wataƙila ya lanƙwashe.

3. A auna karanshaf da maikuromita. Idan ya ci, a kai shi wurin masu injin goge shi. Ana rage shi da milimita 0.25, ko 0.50, ko 0.75, abin da kanikawa ke kira 010, 020 da 030. Dole lambar sabon metal ta dace da abin da aka rage. Kafin ka tafi Ƙofar Ruwa sayen kaya, ka riƙe wannan lamba da lambar injin a wayarka.

4. A wanke komai. Ɓurɓushin tsohon metal na ɓuya a ramukan mai na bulok da na karanshaf, da cikin na'urar sanyaya mai idan injin na da ita. A wanke, a hura da iska, a canza filta, a duba famfon mai ko a sa sabo. Kada a haɗa inji a kan yashi.

5. A gwada tazarar. Akwai wani siririn zaren roba mai suna Plastigauge. Ana ɗora shi a kan karanshaf, a ɗaure murfi, a kwance, faɗin da zaren ya yi shi zai nuna tazarar.

6. A ɗaure da sifana mai awo. Kowane noti da ƙarfin da kamfani ya ƙayyade masa, wasu ma bayan awon sai an ƙara juya su digiri 90. Nemi littafin gyaran injinka na PDF ka ajiye a waya, ka buɗe wa bakanike shafin.

7. Kafin a tayar, a shafa wa metal mai, sannan a juya injin da sitata ba tare da ya tashi ba, har fitilar mai ta mutu.

Bayan an tayar

Kada a yi mata lodi mai nauyi a kwanakin farko. A juye mai a canza filta bayan kamar kilomita 500 zuwa 1,000, a duba ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe a man da ya fito.

Idan motar na da ramin OBD2, ƙaramar na'urar ELM327 da manhaja irin Torque za su nuna maka zafin inji da juyinsa a waya ta Bluetooth. Sai dai yawancin motoci ba sa turo ƙarfin bugun mai ta nan, wannan sai an ɗaura geji a jikin injin. Tsofaffi irin Peugeot 504 kuwa ba su da ramin ma.

Daga ƙarshe, sa wa wayarka tunatarwa: a zaro sandar duba mai kowace safiya kafin lodi, a kuma rubuta kilomitar duk juyen da aka yi. Rigakafi ya fi magani. Idan kuna da akori-kura a gida, karanta wa direban wannan darasi. Sai mun haɗu a na gaba, in sha Allahu.