WANDA YA CIYAR DA ƊANKA YANA BINKA BASHI?

'Yan'uwa, ga mas'alar da ta cika gidajenmu daga Dutse zuwa Kiyawa da Jahun. Mutum ya saki matarsa, ta koma gidansu da yara biyu ko uku. Kawunsu ne ke auno masu gero, shi ke biyan kuɗin makaranta da na magani. Uban kuwa yana nan da gonarsa da babur ɗinsa, wataƙila ma yana neman sabon aure. In aka yi masa magana ya ce, "Ni na ce ya ciyar da su?"

To Malam, ba sai ka ce ba. Ciyar da ɗa wajibin uba ne, aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora shi a wuyansa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu na Jigawa ke hukunci da ita a sha'anin iyali, namiji ana ciyar da shi har ya balaga yana iya nema, mace kuwa har ta tare a gidan mijinta. Sakin uwarsu bai sauke maka ko mudu ɗaya ba.

Abin da Mukhtasar na Khalil da masu sharhinsa suka tabbatar shi ne, wanda ya ciyar da yaro yana da haƙƙin komawa kan uban ya karɓi abinsa, amma da sharuɗɗa. Ya zama uban mai hali ne a lokacin da aka ciyar, kuma mai ciyarwar ya san haka. Ya zama ya yi ne da niyyar a biya shi, kuma alƙali zai rantsar da shi a kan niyyar in bai kafa shaidu ba. Sannan gwargwadon abin da aka saba za a biya, ban da almubazzaranci. In ka ɗinka wa yaron shadda mai tsada don ganin damarka, wannan kai ka so.

A wajen niyyar nan mutanenmu ke rasa haƙƙinsu. Kunya ke hana kawu ya furta, kar a ce ya yi wa ɗan ƙanwarsa lissafin tuwo. Sai bayan shekara biyar, da aka ɓata, a tashi neman kuɗi. Wanda ya yi don sadaka ladarsa na wurin Allah, ba ya dawowa ya karɓa. Shi ya sa nake ganin gara tun ranar farko ya kira mutum biyu ya ce, "Ku shaida, ina ciyarwa ne a madadin ubansu," ya riƙa rubuta abin da ya kashe.

Haka ita ma uwar, in ta sayar da akuyarta ta ciyar da su da wannan niyya, tana bin uban. Amma in uban talaka ne fitik a lokacin, ba a binsa komai, ko da daga baya ya samu.

Wallahu a'alam.