Layin da ke Tsakanin Batir da Inbata

Tambaya: Ni ɗalibin injiniya ne. An sa mu zana tsarin wutar sola ta gida da SysML. Na yi akwatin faranti, na na'urar caji, na batir da na inbata, na ja layi tsakaninsu. Malaminmu ya dawo mini da takardar, wai layukan bebaye ne. Me na bari?
Wani ɗalibi, Zariya

Amsa: Ƙanena, malaminka bai zalunce ka ba. Layinka ya ce akwai haɗi, amma bai faɗi ta wace kafa ba, bai kuma faɗi abin da ke bi ta ciki ba.

A SysML, harshen zana tsarin injiniya wanda ƙungiyar OMG ta fitar a 2007, akwai zanen da ke nuna cikin na'ura. A nan ya fi kyau kada ka ja layi daga jikin akwati kai tsaye. Sai ka yi wa kowane akwati 'yar ƙofa a gefensa, ka rubuta me take karɓa: wutar batir mai bolt 12 ce, ko ta gida mai bolt 230. Ƙofa da ƙofa ake haɗawa, kuma dole su dace. Ka kula da kibiyar da ke nuna inda wuta ta nufa a wajen batir, don da rana wuta shiga take yi, da dare fita.

Inda na fi son ka tsaya shi ne wayar kanta. Inbata mai wat 1,000 a kan batir mai bolt 12 zai ja fiye da amfiya 83, alhali ta ɓangaren fita bai kai amfiya 5 ba. A takarda layukan biyu kamar Hassan da Husaini suke. A ɗakin batir kuwa, ɗaya siririya ta isa, ɗayar sai mai kauri, gajera, da fiyus kusa da kan batir. Na taɓa ganin inda aka sa siririyar a can: robar ta yi laushi, tana wari, mai gida yana ta zagin inbata.

To, duk haɗin da ke da tsawo, kauri, ko zai iya ƙonewa shi kaɗai, ka ba shi akwatinsa, da ƙofa a kowane baki. Ƙusoshin da ke riƙe faranti a kan kwano ma haɗi ne, nauyi da ƙarfin iska ke bi ta cikinsu, ko da yake ɗalibai kan manta da su. Ka fara gyaran daga wayar batir, ka rubuta mita nawa ce.