Yadda Ake Sauya Quetiapine Daga Mai Saurin Narkewa Zuwa Mai Narkewa A Hankali

Quetiapine, wanda kamfanin AstraZeneca ya fitar da sunan Seroquel, yana cikin magungunan da likitocin ƙwaƙwalwa ke rubuta wa masu ciwon sikizofireniya da masu ciwon da ke jefa mutum tsakanin zumuɗi mai tsanani da baƙin ciki mai nauyi. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1997, sannan a 2007 ta amince da nau'insa na biyu, wanda ake rubuta XR ko XL a jikin kwalinsa. Sinadarin ɗaya ne a duka biyun. Bambancin yana cikin ginin ƙwayar: ta farko tana narkewa nan da nan, maganin ya kai ƙololuwa a jini cikin kamar awa ɗaya da rabi, shi ya sa ake raba shi safe da dare. Ta biyu kuwa idan ta shiga ciki sai ta kumbura ta zama kamar danƙo, tana sakin maganin kaɗan-kaɗan, ta kai ƙololuwa bayan kimanin awa 6. A ganina wannan sauyi mai sauƙi ne a takardar likita, wahalarsa tana gida, a hannun mai jinya.

Likita yana farawa da lissafi. Zai haɗa abin da majiyyaci ke sha a yini, ya mayar da shi ƙwaya ɗaya. Mai shan miligiram 200 da safe da 200 da dare zai koma 400 sau ɗaya. Ba a buƙatar sake farawa daga ƙasa, muddin mutum yana shan maganinsa ba fashi. Amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko yana shan sa ɗin da gaske. Wanda aka rubuta wa 400 amma na dare kawai yake sha, jikinsa da 200 ya saba, kuma idan aka ɗora masa 400 a dunƙule zai iya tashi jiri ya kwashe shi. Wanda ya yi fiye da mako guda bai sha ba kuwa, dole a koma da shi ƙaramin awo a riƙa ƙarawa. Nan ne kunya ke yin ɓarna, domin 'yan uwa kan ce "yana sha, likita" don kada a ga gazawarsu. A wannan zaman ne kuma ake auna nauyi da hawan jini da sukari da kitsen jini, tunda maganin yana sa ƙiba, sannan a duba sauran magungunan da yake sha. Rifampicin na tarin fuka da carbamazepine na farfaɗiya suna sa hanta ta kore quetiapine da sauri har ya rage aiki.

Daga nan sai a tsayar da rana. Galibi ana shan tsohon na ƙarshe da dare, washegari a fara sabon da yamma ko dab da kwanciya, kuma ba a haɗa su biyu a yini ɗaya. Ragowar tsohon a kwashe shi daga ɗakin gaba ɗaya, don kada wani mai tausayi ya ga safiya ta yi ba a ba da magani ba ya ɗauko. Ana haɗiye sabuwar ƙwayar da ruwa yadda take, ba a ɓara ta, ba a tauna ta, ba a daka ta. Al'adar nan ta raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, ko niƙa ta a zuba cikin kunu ga majiyyacin da ya ƙi sha, tana rusa ginin da aka biya kuɗi dominsa, maganin yini guda ya zubo cikin jini lokaci ɗaya. Abinci ma yana da tasiri: ana son a sha shi ciki ba nauyi ko bayan abinci mara nauyi, domin mai maiƙo yana ƙara yawan abin da ke shiga jini. Mai azumi da likita ya yarje masa ya yi, gara ya jinkirta zuwa lokacin kwanciya maimakon ya bi ƙosai da soyayyen dankalin shan ruwa da ƙwayar.

Akwai masu cewa duk wannan dabarar kasuwa ce, an fito da sabon ne saboda wa'adin mallakar tsohon ya kusa ƙarewa a 2012. Maganarsu ba ta rasa tushe, kuma wajen kwantar da ciwon kansa nau'ikan biyu kusan ɗaya suke. Sabon ya fi tsada, ba kowane kemis ke da shi ba. Wanda yake zaune lafiya da tsohon, ba ya mantuwa, ba dalilin taɓa shi. Sai dai akwai wanda ƙwayar safe ke hana shi zuwa kasuwa ko gona saboda barci, har ya riƙa tsallake ta a ɓoye. Ga irin wannan, rage shan magani zuwa sau ɗaya yana iya zama abin da zai hana ciwon dawowa, kuma kuɗin kwanciya asibiti ya fi bambancin farashin ƙwaya nesa ba kusa ba.

Makonni biyu zuwa huɗu na farko na lura ne. Wasu sukan ce barci ba ya ɗaukar su da wuri kamar da, tunda maganin ba ya bugawa nan take. Wasu kuma sukan wayi gari da kasala. Sau da yawa matsar da lokacin sha zuwa farkon dare yana gyara wannan, ba sai an canja awo ba. Idan aka ga rashin barci ya yi kwana biyu ko uku, ko surutai sun dawo, ko jiri mai kai mutum ƙasa, a koma asibiti kafin ranar da aka ba da. Kuma duk lokacin da aka je sayen sabon kwali, a duba harufan nan biyu, XR ko XL, domin mai kemis yana iya miƙo mai 200 na tsohon nau'in ya ce ai duk ɗaya ne.