Matakan Koyon Waƙoƙin Coci ga Sabon Mai Kaɗa Bes a Katsina

An miƙa maka jitar bes, an ce ran Lahadi mai zuwa kai ne. Kada hankalinka ya tashi. Waƙoƙin da ake rerawa a majami'un Katsina, ko a ECWA ne, ko Angilika, ko Katolika da ta samu dayosis nata a 2023 ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa, dangin juna ne. In ka kama tushen kaɗan daga ciki, sauran za su biyo ka.

1. Saita tsirkiya kafin komai. Huɗu ne: E, A, D, G, daga mai kauri zuwa siririya. Sauke manhajar saiti a wayarka. A lokacin hunturu itacen jita yakan bushe, sauti ya goce, don haka sake dubawa dab da fara sujada ko da ka saita a gida. Rage ƙarar amfilifaya gaba ɗaya kafin ka cusa waya ko ka zare ta.

2. Samu shugaban kwaya da littafi da biro a hannu. Ce masa, "Malam, waɗanne waƙoƙi ne ba a yin wata guda ba a yi su ba?" Rubuta goma sha biyu kawai. Gefen kowacce sa ki ɗin da ake ɗaukarta da kuma inda take faɗowa: buɗe sujada, yabo, baiko, Jibin Ubangiji ko rufewa.

3. Koyi siffa ɗaya a wuyan jita. Ɗora yatsa a gaɓa ta 3 a tsirkiya mai kauri: wannan G ne, ka kira shi do. A tsirkiyar da ke biye, gaɓa ta 3 fa ce, ta 5 so, ta 7 la. Maimaita har yatsunka su riƙa zuwa ba tare da ido ba. Amfanin siffar shi ne, in mai ba da waƙa ta ɗauko sama da inda aka saba, sai ka matsar da hannu gaba, komai ya zauna yadda yake. Haddace waƙa da do-fa-so, ba da sunan haruffa ba.

4. Fara da Littafin Waƙoƙi. Matasa da yawa sukan tsallake shi su ruga ga na zamani, kuma a ganina wannan babban kuskure ne, domin waƙoƙin cikinsa ne dattawa da yara duka suka sani, su ake yi a jana'iza da ɗaurin aure. Yawancinsu kan do, fa da so suke tafiya, su sauka daga so zuwa do. Abin lura shi ne ƙidaya. Wasu bugu huɗu ne, wasu uku, irin “Amazing Grace” ta John Newton. A mai uku, taɓa tsirkiya a bugun farko kaɗai, ka bar sautin ya ja. Jama'a sukan ja numfashi a ƙarshen baiti. Jira su, kada ka riga su shiga.

5. Shiga waƙoƙin Hausa na zamani. Nemi “Na Gode” da “Mai Taimako Na” na Solomon Lange, “Na Ba Ka” ta Jeremiah Gyang, da “Ga Shi Nan” ta Kaestrings. Sa abin sauraro a kunne biyu, don lasifikar waya ba ta fitar da bes. Saurari waƙar sau uku jita na ajiye. Sai ka yi gunjin sautin ƙasa da bakinka, sannan ka neme shi da yatsa. Abin da baki bai iya ba, hannu ba zai same shi ba.

6. Ƙara na Turanci da sauran harsuna. Sujadar Turanci a Katsina takan haɗa ma'aikata, 'yan kasuwa da 'yan hidimar ƙasa daga kudu, kowa da waƙar garinsu. “Way Maker” ta Sinach, wadda ta fito a 2015, fa, do, so, la ce tana zagayawa daga farko har ƙarshe. Siffar mataki na 3 ta ishe ka. Bi ta da “Imela” ta Nathaniel Bassey, “Excess Love” ta Mercy Chinwo, da tsofaffin waƙoƙin Panam Percy Paul.

7. Yanzu yabo mai sauri, inda ake jero gajerun waƙoƙi ba tsayawa. Zauna inda za ka ga ƙafar mai ganguna. Duk lokacin da ya taka babbar ganga, nan yatsanka zai sauka. Riƙe do, fa, so, ka yanke sauti gajere ta hanyar sassauta yatsan hagu. Na taɓa cika kwalliya a irin wannan wuri, na ɓata ƙidaya, tafin jama'a ya rabu biyu. Har yau ina tuna yadda mai ba da waƙa ta juyo tana neman inda za ta kama.

8. In Zumuntar Mata suka fito, saurara tukuna. Babban tulun da suke bugun bakinsa da soso shi ne bes ɗinsu tun kafin a kawo jita coci, kuma yana cika ɗaki. Tambayi shugabarsu, "Mama, in raka ku ko in bari?" In ta ce raka, bi tulun a hankali. In ta ce bari, ɗora hannu kan tsirkiya ka yi shiru.

9. Ware minti talatin kullum: goma ga siffa, ashirin ga waƙa ɗaya. Kowace waƙa gwada ta a ki biyu. A gwajin kwaya ɗauki sautinku a waya, ka saurara da dare.

10. Ran Lahadi iso minti talatin kafin lokaci. In aka ɗauke wuta, kashe amfilifaya nan take, kada ka kunna sai janareta ya daidaita. In an ɗauko waƙar da ba ka sani ba, bar baitin farko ya wuce, leƙa hannun hagu na mai kibod, ka shigo a amshi da sauti ɗaya a kan kowane bugun farko. Bayan an tashi, ƙara sunanta a littafinka.