Antoniyo Vivaldi, Malamin Kiɗa na Gidan Marayu

A shafinmu na nazarin kiɗa, bana za mu duba rayuwar wani mutumin ƙasar Italiya mai suna Antoniyo Vivaldi. Mun zaɓe shi domin shi ma malamin makaranta ne, kuma da yawa daga cikin kaɗe-kaɗen da ake yabonsa a kansu, saboda ɗalibansa ya tsara su.

An haife shi ran 4 ga Maris, 1678, a Venis, birnin da aka gina a kan ruwa. Mahaifinsa wanzami ne da fari, daga baya ya zama makaɗin goge a babbar majami'ar Markus Mai Tsarki. Gogen nasu tsirkiya huɗu gare shi, ba ɗaya ba kamar namu, a kafaɗa kuma ake ɗora shi. Yaron ya tashi ya gaji mahaifinsa, har ya fi shi.

A 1703 aka naɗa shi firist. Saboda jan gashin kansa, mutanen gari suka laƙaba masa suna Jan Firist. Amma yana fama da ciwon ƙirji, wanda masana suke zaton fuka ce, don haka bai daɗe ba ya daina bi da sujada. A wannan shekara aka ɗauke shi aikin koyar da goge a gidan marayu da ake kira Piyeta, wato Tausayi.

Bari mu ɗan leƙa gidan nan. A jikin bangonsa akwai 'yar taga inda uwa takan ajiye jaririnta ta tafi, ba wanda ya san ta. Maza akan koya musu sana'a su fita. 'Yan mata masu baiwa kuwa akan koya musu waƙa da kiɗa. A bene suke yin kiɗansu, bayan shingen ƙarfe, ba a ganin fuskokinsu sosai, duk da haka manyan baƙi daga ƙasashen Turai sukan zo saurare. Ɗaya daga cikinsu, Anna Mariya, ba ta da sunan uba, da sunan gidan ake kiranta. Vivaldi ya tsara mata kiɗa fiye da 20, ta zama ɗaya daga cikin gwanayen goge na zamaninta.

Aikin malamin ba shi da tabbas. Kowace shekara hukumar gidan takan jefa ƙuri'a a kansa. A 1709 aka sallame shi, sai a 1711 aka komo da shi. A shekarar da ya komo aka buga littafinsa na kiɗa 12 a Amsterdam ta ƙasar Holan, sunansa ya bazu. Babban makaɗin nan na Jamus, Bach, ya yi nazarinsu, har ya sāke tsara waɗansu domin molon majami'a da ake kira ogan.

Irin kiɗan da ya fi shahara da shi ana kiransa konshato. Duk wanda ya san mai ba da waƙa da 'yan amshi zai gane shi: goge ɗaya yana gaba, sauran makaɗa suna amsa masa. Yakan kasa shi uku, na fari da sauri, na tsakiya a hankali, na ƙarshe da sauri. Ya tsara wajen 500. A 1723 ma ya yi yarjejeniya da gidan cewa zai riƙa ba su sababbi biyu kowane wata.

Wanda aka fi sani shi ne Lokatai Huɗu na Shekara, da aka buga a 1725. Lokatan Turai ne, ba namu ba. A lokacin toho za mu ji kukan tsuntsaye da haushin karen makiyayi. A lokacin zafi hadari ya taso da tsawa. Da kaka manoma suna rawa, mafarauta sun fita. Da hunturu har kaɗawar haƙora za mu ji. Duk wannan da tsirkiya ake yinsa, ba a furta kalma ko ɗaya. Ya kuma tsara waƙoƙin yabo, musamman Gloriya, wadda ta fara da waƙar da mala'iku suka rera wa makiyaya a daren haihuwar Yesu.

Daga baya zamani ya juya, mutanen Venis suka koma ga sabon salo. A 1740 ya tafi Viyana yana sa zuciya ga Sarki Charles na 6, mai ƙaunar kiɗansa. Sarkin ya mutu a watan Oktoba na wannan shekara. Vivaldi ya rasu cikin rashi a watan Yuli, 1741, yana da shekara 63. Aka manta da shi kusan shekara 200.

A 1926 wata makarantar kwana ta ikkilisiya a arewacin Italiya ta so ta sayar da tsofaffin littattafanta domin ta gyara gininta. Da masana suka duba, sai ga tarin rubuce-rubucen Vivaldi. Aka bi sawun sauran, aka haɗa su a ɗakin karatu na birnin Turin a 1930. A 1939 aka yi mako guda ana kaɗa kiɗansa a Siyena, duniya ta sāke jinsa.

Ya ku ɗalibai, mu lura da wannan. Yaran da aka ajiye a taga su ne suka fara jiyar da mutane da yawa daga cikin kiɗan nan, domin an sami wanda ya zauna ya koya musu, ya kuma ba su aiki mai wuya daidai ƙarfinsu. Kada wani a cikinmu ya rena kansa saboda gidan da ya fito. Mu malamai kuma, a cikin ajinmu wane yaro ne muka riga muka fid da rai a kansa?