Makarantar da Ke Kan Hanya

Karatu: Maimaitawar Shari'a 6:4-9, Markus 10:13-16

Yaushe rabonka da ka riƙe hannun ɗanka kuka fita tare, ba don aike ba, ba kuwa don asibiti ba?

Ka san yadda mako yake wucewa a Ayigya Zango. Tun da asuba uba ya shiga trotro a Tech Junction zuwa wurin aiki, uwa tana kasuwar Kejetia har faɗuwar rana. Asabar a Kumasi ranar makoki ce. Ran Lahadi akwai sujada, bayanta kuma taron zumunta. To, yara fa? An bar su da lungu da wayar hannu. Wanda ya fi ba yaro lokaci kuwa, shi ne malaminsa, ko kana so ko ba ka so.

A karatunmu na yau Musa ya ambaci lokatai huɗu na koya wa yara maganar Allah: lokacin zama a gida, da lokacin tafiya, da na kwanciya, da na tashi. Ka lura da na biyun. Hanya ma makaranta ce, Ubangiji kuwa bai bar ka ba tare da wurin zuwa ba.

Ka fara da na kusa. Tsallaken titin Accra, cikin jami'ar KNUST, akwai lambun itatuwa mai inuwa. Ku zauna a gindin itace, ka nuna musu fure, ka tuna musu yadda Yesu ya yi misali da furannin jeji a kan kulawar Uba (Matiyu 6:28-30).

Kusa da Kejetia akwai gidan namun daji da aka buɗe a 1957. Jemagu masu yawa suna rataye a itatuwansa. Ka bar yara su faɗi sunan kowace dabba, sa'an nan ka gaya musu wanda ya fara yin wannan aiki (Farawa 2:19-20).

A Manhyia akwai gidan da aka gina a 1925 domin Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya. Turawan Ingila sun kama shi a 1896, bai komo gida daga tsibiran Seychelles ba sai 1924. Gidan ya zama gidan tarihi a 1995. Nan yaro zai ga cewa mulki yana juyawa, amma Allah ne mai riƙe da zamanai (Daniyel 2:21).

In akwai hali, tafkin Bosomtwe wajen kilomita 30 ne daga gari. Masunta suna kama kifi a kan faffaɗan katako maimakon kwalekwale. Wuri ne mai kyau na ba da labarin masuntan Galili (Markus 1:16-20). Amma kada idonka ya bar yaro a bakin ruwa.

Watakila ka ce babu kuɗi. Ku dafa shinkafa da wake a gida, ku cika gora da ruwa, ka riƙa ajiye 'yan sidi kowane mako domin mota. Kada kuma ka mai da fitar ta zama doguwar wa'azi. Aya ɗaya ta isa. Ka yi dariya da su, ka saurari tambayoyinsu. Almajirai sun ga yara kamar masu ɓata wa Yesu lokaci, amma shi ya ji haushin haka, ya rungume su, ya sa musu albarka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin yi: Ka keɓe Asabar ɗaya cikin watan nan. Ka faɗa wa yaranka ranar, ka kuma cika alkawari.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini yadda na ba kowa lokaci, na hana 'ya'yana. Ka koya mini in yi tafiya da su, in nuna musu kai. A cikin sunan Yesu, Amin.