Miji da mata a hanyar Gabas

A Matamaye, idan tsofaffi suka ce wane ya tafi Gabas, Makka suke nufi. Yau maniyyaci jirgin sama yake shiga. Ya tashi da safe, kafin dare ya sauka Jidda ko Madina. A zamanin kakanni ba haka ba ne. Talaka da ƙafarsa yake zuwa. Daga ƙasar Damagaram zuwa bakin Bahar Maliya, ko a miƙe aka auna, tafiyar ta fi kilomita 3000. Ga shi kuwa hanya ba ta miƙewa.

Mutane da yawa ba su tafi su kaɗai ba, da matansu suka tafi. Labarin nan ba na gida ɗaya ba ne. Haka dubban magidanta suka yi daga ƙasar Kance, da Daura, da Katsina, da Kano, tun kafin zuwan Nasara har bayan 1960. Sai a ɗauki miji ɗaya da matarsa, manoman gyaɗa na wani ƙauye kusa da Matamaye, a bi sawunsu.

Shiri

Da kaka suka tashi, bayan an ɗaure hatsi an sayar da gyaɗa. Maigidan ya biya lanho, ya biya bashin da ake bin shi. Ya ba ƙanensa aron gona a gaban shaidu. Matar ta sayar da awakinta, ta kai babban ɗansu wurin kakarsa. Ƙaramar ba a yaye ta ba, sai goyo. Suka bi gida gida suna neman gafara, don wanda ya kama wannan hanya bai san ko zai komo ba.

Kayansu ba su da yawa. Shi ya ɗauki burgami, da tabarma, da bargo, da buta, da gora. Cikin burgamin akwai askarsa da dutsen washi, saboda ya iya wanzanci. Ita ta ɗauki ƙwarya babba. Ciki akwai tukunya, da ludayi, da garin gero, da ƙuli-ƙuli, da kuka, da daddawa, da barkono. Bisa kayan duka ta kifa kaskon tuya.

Kuɗin suna cikin lalita, ɗaure a ƙugun maigida. Ba za su kai su ko rabin hanya ba, kuma su biyun sun san haka. Guzurinsu na gaske aska ce da kasko.

Daga Daura zuwa bakin Shari

Suka ƙetare iyaka suka shiga Daura, daga nan sai Kano. A Kano suka canza tammominsu suka karɓi sule da kwabo, kuɗin ƙasar Ingilishi. Suka haɗu da waɗansu maniyyata, suka zama ayari. Inda kuɗin mota ya samu, su hau bayan babbar mota bisa buhuna. Inda bai samu ba, su taka. Da asuba ake tashi. Rana ta yi zafi, a nemi inuwa. La'asar ta yi, a ƙara gaba.

Suka wuce Yerwa, wato Maiduguri, suka wuce Dikwa, suka ratsa wuyan ƙasar Kamaru har Kusiri. Nan suka shiga jirgin ruwa suka haye zuwa Forlami. Wannan birni ne aka sake wa suna Njamena a 1973.

Kowane babban gari na hanyar yana da zango, yana da sarkin Hausawa ko wani maigida mai saukar baƙi. Shi ke nuna wa baƙo inda zai shimfiɗa tabarma. Shi ya san wanda ke neman ma'aikaci, ya san ranar da ayari zai tashi. Ba don zango ba, talaka bai isa ya yi wannan tafiya ba.

A Forlami lalita ta yi shafal. Maigidan ya shimfiɗa buzu a bakin kasuwa yana aski yana yankan farce. In ciniki ya yi sanyi, ya ɗauki garwa biyu ya shiga ga-ruwa. Matar ta karɓi wake da mai bashi wurin matar mai masauki. Tun kafin kiran salla take tashi ta yi markaɗe. Gari na wayewa, ƙosai ya fito.

Da dare sukan zube cinikin bisa faifai su raba shi uku. Kashi ɗaya na ci, ɗaya na jari, ɗaya na lalita. Wata rana maigidan ya so ya taɓa na lalita, don takalminsa ya mutu. Matar ta ce, "Malam, wannan na mota ne. Kawo takalmin in kai wa baduku." Aka yi wa takalmi faci, kuɗi suka kwana inda suke.

Damina a Wadai

Daga Forlami hanya ta miƙa gabas, ta bi Ati, ta kai Abeshe, babban birnin Wadai. Ƙasar wajen nan baƙar laka ce a wurare da yawa. In ruwa ya sauka, mota ba ta wucewa, jaki ma da ƙyar. Saboda haka matafiyi ba ya gardama da damina. Inda ta same shi, nan zai zauna.

Su ma haka suka yi. Suka sami aron gona a wani ƙauye, suka shuka gero da gyaɗa. Ranar da ba su aiki gonarsu, su yi ƙodago a gonar wani. Sai da suka girbe suka sayar, sannan suka ɗaura kaya. Ga shekara guda ta tafi, ba su kai ko rabin hanya ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

A nan suka fara jin Larabci. Matar ta riga mijin iyawa, don ita ke zama kasuwa, ita ke ƙirga canji. Ta koyi cewa ruwa *almi* ne, kasuwa *suk*, nawa kuma *kam*. Da suka shiga Sudan, ta tarar ruwan ya koma *moya*.

Ƙasar Sudan

Adare shi ne garin ƙarshe na Cadi. Ana wuce shi sai Janaina, ƙofar Darfur. A nan ma'aikata suke duba takardu, likita kuma ya yi wa mutane lambar agana da allurar shawara. Kuɗi suka sake canzawa, aka koma fam da girshi. Mutanen Sudan ba su rarrabe Bahaushe da Bafillace da Babarbare. Duk wanda ya fito yamma, Fallata suke ce mishi, ko Takari.

Bayan Darfur sai Kurdufan, ƙasar rairayi da ƙishirwa. Mutanen wurin suna da wata dabara. Sukan rarake cikin itacen kuka, su cika shi da ruwan sama da damina, su riƙa ɗiba da rani. Kowace kuka da mai ita, kuma ruwan sayarwa ake yi. Matafiyin da gorarsa ta ƙare, dole ya kwance lalita. A wannan ƙasa maigidan ya yi rani guda yana tsagar ɗakwara yana tsince ƙaro, matar tana soya gyaɗa tana yi wa mata kitso.

Ba kowa ke fita wannan yanki da rai ba. Zazzaɓi, da atuni, da ƙishirwa sun kwantar da mutane da yawa, tsofaffi da jarirai sun fi shan wuya. In wani ya cika, ayari ya tsaya ya yi mishi sutura a gefen hanya, a tara duwatsu bisa kabari saboda kura, a wuce. Wanda ke tafe shi kaɗai, in ciwo ya kayar da shi, sai abin da Allah ya yi. Mai iyali kuwa yana da mai dama mishi kunu, yana da mai riƙe sana'a har ya tashi.

A Al-Ubayyid suka ga hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso garin tun 1912. Suka sayi tikiti mafi araha, suka ƙetare Farin Nil a Kosti, suka sauka Jazira.

Jazira fili ne shimfiɗaɗɗe tsakanin Farin Nil da Shuɗin Nil. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar. Aka haƙa magudanai, ruwa ya shiga gonaki, aka shuka auduga iyakar ganin ido. Masu gonakin ba su isa su tsince ta su kaɗai ba. Daga Janairu zuwa Afrilu hannu ake nema ko ta ina, kuma da awo ake biya. Miji da mata suka shiga layi ɗaya, buhu ɗaya, yarinyar da aka taho da ita goye tana biye da su tana tsintar wadda ta faɗi. Nan ne lalita ta fara nauyi.

Nan ne kuma tafiyar mutane da yawa ta tsaya. Kusa da Sannar akwai wani gari, sunansa Mai Wurno. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a yaƙin Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin a bakin Shuɗin Nil. Baƙon da ya isa can zai ji Hausa, zai ci tuwo da miyar kuka. Ga aiki, ga ruwa, ga ƴan'uwa. Sai mutum ya ce baɗi zai wuce. Baɗi ta zo, an yi haihuwa, ko an yi rashi, ko auduga ba ta yi kyau ba. Da haka waɗansu suka tsufa suna cewa a hanya suke. Jikokinsu ƴan Sudan ne, kuma har naman da suke gasawa, mai suna agashe, ya zama abincin ƙasar.

Bahar Maliya

Su dai waɗannan biyun sun yi kakar auduga biyu, suka tashi. Jirgin ƙasa ya kai su bakin teku. Maniyyata ta Sawakin suke fita, tsohon gari mai gidajen farin dutse. Akwai karantina, inda ake tsare mutane kwanaki a tabbata ba su da cuta. Sai mutum ya nuna fasfo, ya biya kuɗin jirgin ruwa na zuwa da komowa, ya biya kuɗin shiga ƙasar Makka. Abin da aka tara cikin shekaru, kwana kaɗan ya ƙare.

Saboda tsadar nan waɗansu suka bi ɓarauniyar hanya. Sukan shiga ƙananan jiragen iska da dare. Wani jirgin ya nutse. Wani ya zube mutane a gaɓar da ba ruwa ba gari. Waɗansu kuma, musamman yara, mugayen mutane suka sayar da su bayi, don sai a 1962 aka hana bauta a Saudiyya. Maigidan ya ji araha, ransa ya biya. Matar ta dubi ƴarta ta ce, "Malam, mun yi haƙurin shekara huɗu. Mu bi ta ƙofa."

Daga Sawakin zuwa Jidda kamar kilomita 300 ne a kan ruwa. Suka sauka, suka yi aikin hajji, suka ziyarci Madina. Tsakanin haka shi yana dako yana aski, ita tana wanki a gidajen mutane.

Komowa

Komowa ma aiki ce: auduga, ƙodago, ƙosai, damina. Wanda ya bar Matamaye a 1955 ya komo a 1962, ya tafi ta cikin ƙasashen da Nasara ke mulki, ya komo ta cikin ƙasashe masu tutar kansu. Sudan ta sami ƴancin kai a 1956. Kamaru, da Nijar, da Cadi, da Najeriya suka samu a 1960.

A gida an tarbe su da guɗa. Suka raba dabino da ruwan Zamzam kaɗan kaɗan, don kowa ya samu. Yaron da suka bari ya isa riƙon hauya, bai gane uwarsa ba sai da aka gaya mishi. Kakar da ta riƙe shi ta rasu tun shekara biyu. In ana labari a dandali, akan ce Alhaji wane ya je Makka da ƙafa. Ba a cika ambaton Hajiya ba, alhali rabin kuɗin lalitar daga kaskonta ya fito.

Bayan 1960 hanyar ta yi ta mutuwa. Jirgin sama ya yawaita, iyakoki suka yi tsanani, yaƙe-yaƙe suka ɓarke a Cadi. A 2003 rikici ya tashi a Darfur. A watan Afrilu na 2023 wani yaƙin ya ɓarke a Khartum, ya bazu har Darfur da Jazira. A wannan shekara dubban mutanen Janaina suka ɗauki ƴaƴansu da tabarminsu, suka taka zuwa Adare. Hanyar maniyyata suka bi, amma yamma suka fuskanta.

Kalmomi

*lalita*: jakar kuɗi ta fata da ake ɗaurawa a ƙugu.
*burgami*: jakar fatar akuya.
*ƙodago*: aikin gona ko na ƙarfi da ake yi wa wani don lada.
*karantina*: wurin da ake tsare matafiya har a tabbata ba su ɗauke da cuta.

Tambayoyi

1. Don me miji da matar suka tashi da kaka?
2. Kashi nawa suke raba cinikinsu? Mene ne amfanin kowane kashi?
3. Yaya mutanen Kurdufan suke ajiye ruwa?
4. Me ya sa tafiyar mutane da yawa ta tsaya a Jazira?
5. Shekara nawa ke tsakanin yaƙin Burmi da gama madatsar Sannar?

Aiki

Ku zana taswira, ku sa Matamaye, Kano, Njamena, Abeshe, Al-Ubayyid, Sawakin da Jidda. Ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa a unguwarku ko akwai wanda ya tafi Gabas da ƙafa daga danginsu. Ya komo ko bai komo ba? Ku rubuta abin da kuka ji cikin layi goma.